Kora da Ɗaurin Talala a Matsayin Horo: Kwatanci Tsakanin Ƙasar Kano da Rasha ta Zamanin Sarakuna

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wani irin horo wanda ya daɗe a tarihin mulki, watau raba mutum da garinsu, a kai shi wata ƙasa mai nisa, a hana shi komowa. A ƙasar Kano an san wannan horo ƙwarai. Duk dattijon da aka tambaya a ƙauyukan arewacin Kano, kamar na Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, ya ji labarin cewa Turawa sun kai Sarki Alu Lakwaja, ya kuma san an kai Sarki Sanusi Azare. A duniya kuwa, ba ƙasar da ta yi suna da wannan horo kamar Rasha a zamanin sarakunanta da ake yi wa laƙabi da Zar, waɗanda suka shafe fiye da shekara 300 suna tura mutane Saberiya.

Abin da ya sa muka haɗa su a takarda ɗaya shi ne wata tambaya da ɗalibanmu suka sha yi mana a aji. Suna cewa, me ya sa sarakunan Rasha suka kori talakawa da yawa haka, alhali kuwa Turawan Ingila a nan sai sarakuna kaɗai suka kora, suka bar manomi a gonarsa? Ra'ayinmu shi ne amsar tana ga yanayin ƙasa da yawan jama'arta. Za mu fara da bayanin kalmomi, sa'an nan mu kawo tarihin Rasha a taƙaice, mu komo gida, daga ƙarshe mu duba inda shari'a ta tsaya a kan wannan al'amari.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Wajibi ne mu rarrabe abubuwa uku da akan cuɗanya. Na farko hijira, wadda mutum kan yi da niyyarsa domin tserar da addininsa ko ransa, kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, har ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Na biyu gudu, kamar na sarakunan Haɓe waɗanda jihadi ya fitar, na Katsina suka kafa Maraɗi, na Zazzau suka kafa Abuja. Na uku shi ne kora da ɗaurin talala, watau hukuma ta kama mutum, ta zaɓar masa garin da zai zauna, ta sa masa ido, ta yanke masa abin da zai ci. Ba ya cikin kurkuku, amma kuma ba shi da ikon tafiyarsa, kamar dabbar da aka ɗaure da doguwar igiya. Wannan na ukun shi ne abin nazarinmu.

Shari'ar Musulunci ma ta san kora. An ambace ta a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida cikin hukuncin 'yan fashi, malaman Malikiyya kuma sun yi bayaninta da cewa a kai mai laifi wani gari a tsare shi har tubansa ya bayyana. Abin lura a nan shi ne, a shari'a alƙali ne ke yanke ta, bayan laifi ya tabbata. Wannan sharaɗi shi ne ma'aunin da za mu auna sauran bayani da shi.

3.0 Kora a Rasha

3.1 Asalinta

Saberiya ƙasa ce mai faɗin gaske a gabashin duwatsun Ural, mai tsananin sanyi da ƙarancin mutane. Rashawa sun fara shigarta a wajen 1582, lokacin da mayaƙin nan Yarmak ya ci daular Musulmin Tatar ta Sibir, wadda Kucum Khan ke mulki. Suka gina birnin Tobolsk a 1587, a 1639 kuma suka isa bakin teku ta gabas. Ga ƙasa ta samu, ga fatun dabbobi masu tsada, ga ma'adinai, amma babu hannun da zai yi aiki.

Labarin da masana suka fi farawa da shi shi ne na garin Uglic. A 1591 ƙaramin ɗan sarki mai suna Dimitiri ya mutu a garin, aka kaɗa ƙararrawar majami'a, jama'a suka yi bore. Hukuma ta kashe wasu, ta tura wasu Saberiya. Ita kanta ƙararrawar an yi mata bulala, an cire mata harshe, an kai ta Tobolsk, ba a mayar da ita gida ba sai a 1892. Kundin dokoki na 1649 ya sa kora cikin manyan hukunce-hukuncen ƙasa. A tsakiyar ƙarni na 18 kuma Sarauniya Elizabet ta dakatar da hukuncin kisa a kan laifuffukan yau da kullum, aka maye gurbinsa da kora da aikin wahala.

3.2 Ire-irenta

Korar ta kasu kashi uku. Akwai aikin wahala, wanda suke kira katorga, inda ake sa fursuna haƙar azurfa a Nercinsk ko zinariya a Kara, da mari a ƙafa. Akwai zaman dole, inda ake kai mutum wani ƙauye a ce ya yi noma ya ci da kansa. Sa'an nan akwai korar hukuma, wadda ba ta bi ta kotu ko kaɗan. Wannan ta ukun ita ce ta fi cutar talaka. Dokar 1760 ta ba masu gandaye iznin tura manoman da ke ƙarƙashinsu Saberiya in sun ga dama, a kuma lissafa musu su a matsayin mutanen da suka bayar aikin soja. Taron dattawan ƙauye ma yana da ikon korar wanda ya dame su, ko ya ƙi karɓar wanda ya gama zaman kurkuku. Ta haka tsoho da gurgu da wanda ba shi da gata suka cika hanya.

A 1822 Mikha'il Speranski ya tsara tafiyar, aka gina zanguna a kan hanya, aka buɗe ofishin lissafin korarru a Tobolsk. Duk da haka tafiya ce ta ƙasa, cikin sarƙa, wadda kan ci shekara guda ko fiye, mata da 'ya'ya na biye. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin 1801 da 1917 an kori mutane fiye da miliyan ɗaya.

3.3 Sakamakonta

Sarakunan Rasha sun so su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, su hori mai laifi, su kuma cika ƙasa da mutane. Buri na biyu bai cika ba. Binciken da gwamnati ta yi a ƙarshen ƙarni na 19 ya nuna korarru wajen 300,000 ne a Saberiya, kusan sulusinsu kuwa ba a san inda suke ba, sun gudu suna yawon bara da sata. Manoman da suka ƙaura da kansu, musamman bayan an fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1891, su ne suka raya ƙasar. Saboda haka a 1900 aka yi dokar da ta rage korar ƙwarai.

Ta fuskar siyasa kuwa, korar ta ɗaukaka waɗanda aka so a binne sunansu. Bayan boren hafsoshin soja na Disamban 1825 an rataye mutum 5, aka tura fiye da 100 Saberiya. Matan wasunsu, irin su Mariya Volkonskaya, suka bar daula suka bi mazajensu, labarinsu ya zama abin koyi ga matasa. Marubuci Dostoyevski ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk, ya fito ya bayyana wa duniya halin da ake ciki. Likita Anton Cekhov ya je tsibirin Sakhalin a 1890 ya yi haka nan. Lenin ya zauna a ƙauyen Shushenskoye daga 1897 zuwa 1900, a can ya kammala littafinsa a kan bunƙasar jari-hujja a Rasha. Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A watan Agusta na 1917 Sarki Nikolas na Biyu da iyalinsa su ma aka kai su Tobolsk a tsare, aka kashe su a Yekaterinbug a watan Yuli na 1918.

Akwai mutum ɗaya a tarihin Rasha wanda labarinsa ya fi kusa da namu, shi ne Imam Shamil, shugaban Musulmin Dagestan da Ceceniya. Ya yi shekara 25 yana yaƙi da Rashawa, ya miƙa wuya a Gunib a 1859. Ba a kai shi haƙar ma'adini ba. An ba shi gida da albashi a garin Kaluga, nesa da duwatsunsu, aka sa masa mai tsaro. Daga baya aka bar shi ya tafi aikin Hajji, ya rasu a Madina a 1871. Abin da ake so shi ne a raba shi da mabiyansa ba tare da an zubar da jininsa ba. Irin wannan dabara ce Turawan Ingila suka yi amfani da ita a ƙasar Hausa.

4.0 Kora a Ƙasar Kano

4.1 Sarki Alu

Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, ya hau gadon Kano a 1894 cikin yaƙin Basasa. A farkon 1903 ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa. Yana can Kanar Morland ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu. A kan hanyar komowa rundunar ta rabu. Waziri Ahmadu ya yi karo da Turawa a Kwatarkwashi ya rasu, Wambai Abbas ya komo birni da sauran jama'a, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu. Shi kuwa Alu ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa. An kai shi Yola, daga bisani aka mai da shi Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Ya yi shekara 9 a kan mulki, ya yi 23 a talala.

Ba shi kaɗai ba ne a can. Lakwaja, inda Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairun 1900, ta zama matattarar tuɓaɓɓun sarakuna. An kai Etsu Nupe Abubakar da Sarkin Zazzau Kwasau. An kai Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar bayan tashin Satiru na 1906. Aliyu ɗan Sidi, sarki kuma mawaƙi, wanda Turawa da kansu suka naɗa a Zazzau a 1903, shi ma an tuɓe shi a 1920, ya rasu a Lakwaja a 1924. Kaburburan wasunsu suna unguwar Kabawa. An zaɓi garin ne domin yana bakin kogi, kusa da barikin soja, a cikin jama'ar da ba talakawan waɗannan sarakuna ba ne. Haka aka yi wa na kudu: Jaja na Opobo an kai shi tsibirin Sen Binsen bayan kama shi a 1887, Oba Ovonramwen na Binin kuma Kalaba a 1897.

4.2 Dalilin da Ya Sa Aka Bar Manomi

Yanzu sai mu komo ga tambayar ɗalibanmu. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano kishiyar Saberiya ce. Tun kafin zuwan Turawa gonaki sun haɗe da juna, ana noma su kowace damina ba hutu, jakuna na ɗauko taki daga birni, kowace gona da iyakarta da itatuwanta na ɗorawa da kuka da gawo. Masana irin su Michael Mortimore da Polly Hill sun yi rubutu mai yawa a kan wannan cunkoso. Arzikin Kano shi ne wannan manomi da masaƙi da marini, kowa a inda yake. Turawa kuwa 'yan kaɗan ne, ba su da kuɗin tafiyar da mulki sai abin da haraji da jangali suka kawo. Wanda ke bukatar haraji ba zai kwashe masu biya ya zubar a daji ba.

Saboda haka abin da suka yi shi ne su riƙe tsanin mulki yadda yake, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, su canja wanda ke samansa kurum. Korar Alu ita ce ta ba su damar haka. Muddin yana kusa, akwai wanda ake yi wa kallon sarki na haƙiƙa, duk mai ƙorafi kuma yana da ƙofar da zai nufa. Da ya yi nisa, sai hakimai suka san cewa rawani yana hannun Razdan. Cikin 'yan shekaru Razdan Cargill, wanda Kanawa suka sa wa suna Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su bar birni su tare a cikin gundumominsu. A wajen 1909 aka fara awon gonaki da taku domin yanka haraji a yankunan da ke kusa da birni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarun da suka biyo baya. Manomin Minjibir ko na Ungogo bai je Lakwaja ba, amma sakamakon tafiyar Alu ya iske shi har gona: ga hakimi a kusa, ga malamin awo, ga haraji da kuɗin Bature.

Kada a ɗauka cewa talaka ya tsira daga tilas baki ɗaya. An yi aikin dole na hanya da na dako, a tsakanin 1942 da 1944 kuma an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Bambancin shi ne wannan aiki na wa'adi ne, ana so mutum ya koma gida ya yi noma. A Rasha an kori jama'a domin ƙasa ta rasa mutane. A Kano an kori shugaba domin a mallaki mutanen da suka cika ƙasa.

4.3 Bayan Mulkin Kai

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, Turawa sun tafi amma dabarar ta zauna. Tun a zamaninsu sun ba ta rigar doka, kamar dokar kawar da tuɓaɓɓun sarakuna ta 1917, wadda da ita aka kai Eleko na Ikko garin Oyo a 1925. Shi ya kai ƙara har Ingila, ya kuma komo gida a 1931. A shekarar ce Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya bar gado, ya ƙare rayuwarsa a Wukari. Gwamnatocin 'yan ƙasa sun gaji irin waɗannan dokoki ba su soke su ba.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano. A watan Maris na 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Ya yi kusan shekara 20 a can kafin a yarda ya komo ƙasar Kano, ya zauna a Wudil har rasuwarsa a 1991. A nan ma an ga abin da aka gani a Rasha. Nisan bai rage masa daraja a wurin almajiransa na Tijjaniyya ba, ɓacin ran Kanawa kuma ya haifar da jam'iyyar KPP, ya ƙara wa masu neman jihar Kano ƙarfi, jihar da aka samu a 1967. A 1996 gwamnatin soja ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ta kai shi jihar Taraba. A 2005 aka tuɓe Sarkin Gwandu Mustafa Jokolo aka kai shi jihar Nasarawa. Ran 9 ga Maris na 2020 gwamnatin Kano ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan na farko, aka kai shi Loko, sa'an nan Awe, duk a Nasarawa.

5.0 Matsayin Shari'a

In muka ɗora waɗannan misalai a kan ma'aunin da muka kafa tun farko, za mu ga sun fi kama da korar hukuma ta Rasha. Ba a gurfanar da mutum gaban alƙali a kan laifin da hukuncinsa kora ne ba, ba a kuma yanke masa wa'adi ba. Takardar gwamna ce kawai.

Kotunan Nijeriya sun daɗe suna ja da wannan. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta fitar da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno, zuwa Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta rushe wannan umarni. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce korar da aka yi wa Jokolo ta saɓa wa tsarin mulki. A 2020 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin sakin Sanusi na Biyu bayan kwana 4 kacal, a watan Nuwamba na 2021 kuma ta yanke cewa korar haramtacciya ce. Hujjar ita ce sashe na 35 da na 41 na tsarin mulkin 1999, waɗanda suka ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kansa da 'yancin zama inda ya so a cikin Nijeriya. Ya kamata a lura cewa tuɓewa daban, kora daban. Ana iya jayayya a kan ikon gwamna na cire rawani, kuma mayar da Sanusi na Biyu kan gado a watan Mayu na 2024 ya buɗe wata sabuwar shari'a wadda ba ta cikin wannan takarda. Amma a kan kora, maganar kotuna ɗaya ce: wanda aka cire wa rawani ya koma ɗan ƙasa kamar kowa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa horo ɗaya ne ya ɗauki siffa biyu saboda bambancin ƙasa. Rasha tana da fili ba mutane, sai ta kori talakawa da masu laifi da 'yan siyasa gaba ɗaya. Kano tana da mutane ba fili, sai mai mulki ya ɗauke sarki ya bar manomi yana biyan haraji. A wuraren biyu an fi yin korar ba tare da shari'a ba, a wuraren biyu kuma ta kasa shafe sunan wanda aka kora.

Muna da shawara biyu ga mahalarta. Ta farko, malaman tarihi a kwalejojinmu su riƙa koyar da wannan babi tare da tarihin haraji da na gunduma, domin ɗalibi ya gane cewa abin da ya sami fada yana da alaƙa da abin da ya sami gonar kakansa. Ta biyu, akwai aikin da ke jiranmu a ƙauyukanmu da kuma Lakwaja da Azare. Kowane sarki da aka kora ya tafi da mata da barori da malamai, wasu sun komo, wasu zuriyarsu na can. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen sarakuna, sun bar na waɗannan bayin Allah. Dattawan da suka ji labarinsu daga bakin iyayensu suna ƙarewa, ya kamata mu aika ɗalibanmu su ɗauko shi tun da sauran masu faɗa.